Sautin Jitar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana kaɗa jita a bukukuwa kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. Badande ne a ƙabila, gidansa yana bayan Lolo, idan ka tsallaka ka shiga ƙasar Benin. Mu kuwa muna Bagudo, inda aure ya kawo mahaifiyata. Tun ina ƙarami akan tura ni wajensa hutu, kuma a zaurensa na fara ɗora yatsa a kan tsirkiya.

Jitar lantarki ce, amma ba ta ihu. Sauran makaɗan yankinmu sukan murɗa amfilifaya har sifika ta riƙa gurnani, don a ji su daga wata unguwa. Ta Kawu kowace tsirkiya fita take ita kaɗai, tas, da ɗan nauyi a ƙarƙashinta, kamar ɗigon ruwa a cikin randar da ta kusa cika. Ni ma na tashi ina kaɗawa idan biki ya samu, ko da yake sana'ata ita ce noman albasa a fadama, da shinkafa idan damina ta faɗi. Tsofaffin da suka san Kawu sukan ce mini hannun nasa ne, amma muryar ba tasa ba ce. Ban taɓa musu ba, don ni ma kunnena yana gaya mini haka.

Wata rana na je gaishe shi na tarar da shi a kan tabarma, hannun hagu a kwance bisa cinyarsa. 'Yarsa ce ke jinyarsa. Taubashiyata ce, ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba, kuma ranar ma da ta ga buhun albasar da na kawo sai da ta ce in ce ko waɗanda kasuwa ta ƙi ne na kwaso musu. Bayan na ci abinci Kawu ya sa ta ɗauko rediyo da wani tsohon kaset. Shi kaɗai ne kaset ɗin da kiɗansa yake ciki. Zaren ya saki, sautin yana tangaɗi, wani wurin ya nutse sai huci kawai kake ji. Muka saurara har ya ƙare. Maganar Kawu ta yi nauyi tun da ciwon ya same shi, sai ka matsa kusa kake ganewa.

Ya ce, "Ka ji abin da ya rage mani dut duniya. In wanga ya tsinke, shi ke nan."

Na ce, "Kawu, ai ana iya juye shi a waya."

"A juye ruɓaɓɓe? A'a. Kai za ka sake kaɗa su, yadda suke. Ina son in ji su da kyau kahin in tahi."

Ya sa aka ciro jitarsa daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin zane, da ƙaramar amfilifayarsa wadda fatar jikinta ta ɓare a kusurwa. Na ɗaure su a bayan babur, na sa kaset ɗin a aljihu, na kama hanyar gida ina lallaɓawa a kowane rami.

Ban yi shawara da kowa ba na wuce wajen abokina. Benci ɗaya muka zauna a firamare, shi ne babban abokin ango ranar aurena, ni na raka shi Birnin Kebbi ranar da ya sayo kwamfutarsa ta farko. Yana da ɗan situdiyo a bayan tasha, ɗaki ɗaya da aka manna wa katifu a bango. A nan yake ɗaukar masu waƙar biki da masu yabo, yana haɗa musu kiɗa da fiyano, yana kuma yi wa 'yan kasuwa talla. Da na sa masa kaset ɗin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in mayar daga farko.

Ya ce, "Mutumina, wanga abu ban taɓa jin irinai ba. Ko da za mu shekara, sai mun hito da shi."

Farkon abin da muka yi shi ne jona jitar kai tsaye a jikin kwamfuta. Sautin ya fito a bushe, ba jiki, kamar ana taɓa wayar shanya. Abokina ya shiga ƙara masa abubuwa daga cikin na'ura, ya sa amsa-kuwwa, ya ƙara kauri, ya rage kaifi. Duk abin da ya ƙara sai mu ƙara nisa da kaset ɗin. Daga ƙarshe ya share komai, ya ce abin ba a cikin kwamfuta yake ba, mu koma kan amfilifayar tsohon.

Muka kunna ta, ya kafa makirufo a gaban sifikar. Nan kuma wata matsala ta taso. Da janareta muke aiki, kuma amfilifayar tana jan wani ƙugi mai kama da na zuma, wanda ba ya tsayawa ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba. Sauti mai tsabta ba ya ɓoye irin wannan datti. Abokina ya kafa rodin ƙarfe a ƙasa a bayan ɗakin, ya kwarara masa ruwa, ya ja waya zuwa jikin amfilifayar. Ƙugin ya ragu amma bai mutu ba. Washegari ya zo da batirin mota da inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, ya kashe janaretan gaba ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, muna zufa saboda ba fanka, na taɓa tsirkiya ɗaya ta fita ba ƙura ko kaɗan. Ya daki kafaɗata yana dariya.

Duk da haka ba mu kai ba. Ni da kaina na ɓata wani abu tun farko, don da na kawo jitar na ga tsirkiyoyin sun yi baƙi sai na cire su na sa sababbi. Sababbin suna da ƙara mai sheƙi, suna cizon kunne. Allah ya sa ban zubar da tsofaffin ba, na goge su da tsumma na mayar. Na ajiye ɗan robar da nake kaɗawa da shi, na koma amfani da tsokar babban yatsa kamar yadda na tuna Kawu yana yi. Na tura makunnin jitar zuwa ɓangaren wuya, inda sautin ya fi taushi, na rage maɓallin ƙara kaɗan daga ƙarshe. Kullum da rana idan na taso daga fadama sai in wuce can, mu kaɗa, mu saurara, mu sa kaset, mu sake. Matata ta ce in dai jita ce ta fi ta samun hirata, Allah ya ba mu sa'a.

Da muka ga mun kusa, muka ce sai mai abu ya ji. Abokina ya rufe shagonsa, ya goya kwamfuta da makirufo biyu, ni na goya jita da amfilifaya da batir. Muka haye gadar Kwara da safe, muka bi ta Lolo. Ma'aikatan bakin iyaka suka buɗe kayan, ɗayansu ya ce sai na kaɗa masa kafin mu wuce, na ce ai sai an zauna an haɗa wuta, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Kawu ya saurari abin da muka kawo idonsa a rufe. Da ya ƙare ya jinjina kai.

"Kun yi kusa. Amma shina tsaye a gaban goshi. Nawa ba ya zuwa haka, zagayowa yakai."

Muka kalli juna, ba wanda ya gane. Taubashiyata ce da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, ita dai abin da ta sani, tun tana yarinya ba ta taɓa ganin amfilifayar nan tana kallon mutane ba idan a gida ne. A ƙasa Baba yake ajiye ta, a kusurwar zaure, fuskarta ga bango, don kada ya dami maƙwabta. Kaset ɗin ma a nan aka ɗauka, rediyo yana kan tabarma.

Abokina ya miƙe ya zagaya zauren yana tafa hannu yana saurare. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara, ƙasan daɓe. Ya ce ashe ɗakin ma yana cikin kiɗan, katifun situdiyonsa su ne suke shanye rabin abin. Ya mayar da amfilifayar kusurwa, ya juya ta ga bango ya bar tazara. Makirufo ɗaya ya sa shi a gefen sifikar, ba a tsakiya ba, ɗayan ya ajiye shi can kan tabarma inda rediyon ya taɓa zama. Ya daɗe a durƙushe yana matsar da na farkon kaɗan-kaɗan, abin saurare a kunnensa, yana ce mini in ci gaba da kaɗawa. Can ya ɗaga yatsa ya ce in tsaya. Ya cire abin sauraren ya sa wa Kawu a kunne da hannunsa, ya kunna abin da ya ɗauka.

Kawu ya kasa kunne. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannun abokina ya riƙe.

Ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Kwanakin da muka yi a gidan suna cikin mafi daɗin da na yi a rayuwata. Mukan jira hantsi, mata su gama daka, sannan taubashiyata ta kora kaji bayan gida mu fara. Kawu yana jingine da bango yana gyara mini, nan ka yi sauri, nan ka danne da yawa, bari ta mutu da kanta kafin ka taɓa ta gaba. Idan mun tashi a kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Kwano ɗaya muke ci da abokina, Kawu yana tura masa kan kifi yana kiransa ɗana. Abokina ya koyi gaisuwar Dandanci, yana ta fofo, fofo, matan gidan suna yi masa dariya.

Akwai kiɗa ɗaya da muka bari sai ƙarshe. Kawu ya yi shi ne bayan rasuwar matarsa ta fari, mahaifiyar taubashiyata, wadda ta rasu wajen haihuwa. Ba waƙa a ciki, jita ce kawai, a hankali, tana hawa tana dawowa wuri ɗaya. Bai taɓa kaɗa shi a biki ba. A zaure yake yinsa da safe, kuma duk tsofaffin unguwar sun san na wace ce. Kafin in fara ya sa abokina ya matso kusa.

"Ɗana, wanga na uwar yarinyar ga ne. Ku ɗauka don ita ta samu abin riƙewa. Amma na gida ne. Ba na biki ba ne, ba na kasuwa ba."

Abokina ya dafa ƙirji. "Kawu, amana ce. Ko matata ba za ta ji shi ba."

Sau ɗaya na kaɗa shi. Kusa da ƙarshe wani zakara ya yi cara daga bayan gida, abokina ya ce a sake, Kawu ya ce a bar shi, zakaran gidan ne. Taubashiyata ta shige ciki, ba ta fito ba sai da muka zo tafiya.

Da muka dawo Bagudo muka bar jita da amfilifaya a situdiyo, abokina ya ce in ba shi lokaci ya tace su, ya daidaita ƙararsu, sannan ya zuba a memori mu kai wa tsoho. Lokacin ya zo daidai da cirar albasa, na shiga fadama ba ni da sukuni. Idan na biya ta shagonsa sai ya ce saura kaɗan. Wata rana ba mai, wata rana kwamfuta ta ƙi tashi, wata rana masu biki sun matsa masa. Taubashiyata tana kira tana cewa Baba yana tambaya, tana ƙarawa da cewa ko mun sayar da kiɗan mun ci tsire ne. Ina dariya ina ce mata aikin gwanaye ba ya son gaggawa. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar wata kasuwar Bahindi na kai albasa. Ina tsaye ana sauke buhuna daga mota sai na ji tsirkiya ta farko daga can ɓangaren masu kayan miya. Jikina ya gane kafin hankalina. Na saki bakin buhun da nake riƙe da shi. Kiɗan matar Kawu ne, da ƙarfi, yana fita daga lasifikar da aka ɗaure a kan wata tsohuwar mota. Ban gama tambayar kaina yadda aka yi ya zo nan ba sai murya ta hau kansa, kuma muryar abokina ce, irin wadda yake sawa idan yana talla. Yana kiran masu basir, mai tsiro da mai jini, yana kiran masu sanyin mara da waɗanda iyali suka raina, yana cewa su matso ga magani ya zo. Ya faɗi wata maganar batsa a sakaye, samarin da ke kewaye da motar suka fashe da dariya. A ƙarƙashin duk wannan yatsuna ne suke tafiya, har ɗan kukan da tsirkiya ta yi lokacin da na ja hannu. Da ya zo ƙarshe na ji zakaran gidan Kawu ya yi cara, sannan abin ya sake farawa.

Na ratsa mutane na isa wajen mai maganin. Dattijo ne mai fara'a, yana ƙulla garin magani a leda. Na tambaye shi inda ya samu kiɗan. Ya ce a Bagudo aka haɗa masa, wajen yaron nan na bayan tasha, kuma tun da yake talla bai taɓa samun mai tsayar da mutane irin wannan ba. Ya ce har yaransa da ke bin kasuwannin hayi ya ba su.

Na ce, "Wane hayi?"

Ya ce, "Benin mana. Can ma ya hi karɓuwa."

Ban san yadda na sayar da albasar ranar ba. Ina kan hanyar komawa wayata ta yi ƙara, na tsaya a gefen titi. Taubashiyata ce. Ba ta ce mini mai ruɓaɓɓiyar albasa ba, ba ta ce komai na wasa ba. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Ta ce ranar kasuwarsu wata mota ta tsaya a bakin masallacin unguwa tun safe har la'asar. Baba yana zaure ya ji. Da farko ya yi tsammanin mu ne muka iso da abin, har ya ce ta shimfiɗa tabarma. Da ya gane abin da ake faɗa sai ya ce a ɗauke shi a kai shi ɗakin ciki, amma can ma ana ji. Tsofaffin unguwa suka riƙa shigowa suna tambaya ko lafiya. Ita kuma ta kasa fita ɗebo ruwa.

Ta ce, "Kwana biyu ina riƙe da waya na kasa kiranka. Baba ya ce ka maido mai jitarsa."

Na fara yi mata bayani, ta ce ba ita zan yi wa ba, ta kashe.

Ban biya gida ba, na wuce bayan tasha. Na tarar da abokina yana cin rake a ƙofar shago. Ya ga fuskata ya ce lafiya, ko albasa ta faɗi. Na ce daga Bahindi nake, na ji tallar mai maganin basir.

Ya yi 'yar dariya ya tofar da ɓawon rake. "Af, ka ji ta? Ai da na so in hwaɗa maka."

"Kiɗan wa ka sa?"

"Haba mutumina, zauna mana. Mutumin ya shigo ina cikin aiki kansa, ya ji, ya nace sai shi. Na sa mai wasu ya ƙi. Ka san yadda kasuwa take, in na ƙi wani zai tahi."

"Mi ka ce wa Kawu ranar da munka ɗauka?"

"To ai ba waƙa ciki. Ba sunan kowa. Wa zai san na wane ne?"

Na ce duk unguwar su Kawu ta sani, kuma motar ta yini a bakin masallacinsu, kusa da gidansa. Na yi tsammanin zai sunkuyar da kai. Sai ya ɗaga kafaɗa.

"Ni ina na san za su kai can? Tsohon da ko ƙohwar gida ba ya hita, na ɗauka ina zai ji."

Wannan maganar ce ta fi komai yi mini ciwo, har yau. Da ya ce mantuwa ya yi, da na nemi hanyar yarda da shi. Amma ya tuna da tsohon sarai, ya auna, ya ga ba zai iya tashi ya ji ba.

Na ce ya kira mai maganin ya karɓe. Ya ce abin da ya shiga wayoyi ya riga ya tafi, motoci nawa ne, kuma yara suna ta tura wa juna. Da na ɗaga murya shi ma ya ɗaga. Ya ce in tuna wanda ya kashe ƙugi, wanda ya gano zancen bango, wanda ya rufe shagonsa ya bi ni wata ƙasa. Ya ce sautin nan da kunnensa da na'urarsa aka same shi, yana da haƙƙi a ciki kamar kowa. Gaskiya ne ya yi duk wannan. Na ce ya ba ni sauran. Ya shiga ya buɗe kwamfuta, sai na ga ko ɗaya bai taɓa ba, suna nan yadda muka ɗauko su. Wanda ya tace kawai shi ne wanda ya sayar. Ya zuba mini su duka a memori, har da wanda ya sayar, na ɗauki jita da amfilifaya daga bayan ƙofa na fita. Yana ce mini in na huce mu yi magana.

Washegari na tafi hayi. Taubashiyata ta karɓi kayan ba ta dube ni ba. Kawu yana ɗakin ciki, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni.

"Kai ka ba shi?"

"Wallahi Kawu ban sani ba sai a kasuwa."

"Na sani. Na so dai in ji daga bakinka." Ya numfasa. "Yaron nan ya ci tuwo gidan ga. Na kira shi ɗana."

Ya tambaya ko sauran suna nan, na ce suna nan, ba a tace su ba. Ya ce in sa. Na sa memorin a rediyon taubashiyata, ta zo ta zauna bakin ƙofa. Ko ba tacewa sautin yana nan yadda muka kama shi, tas, da nauyinsa. Kawu ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, yatsun hannunsa mai lafiya suna motsi a kan bargo. A wani wurin har ya yi murmushi ya ce nan na yi sauri. Da na ƙarshen ya fara, tun tsirkiya ta biyu ya ce in kashe.

Ya ce, "Wanga ya lalace. In na ji shi yanzu, maganar mutumin nan nika jira ta shigo."

Taubashiyata ta ce ita ma haka. Ta ce yaran unguwa sun haddace tallar, suna rera kiɗan da baki suna ɗora kalmomin a kai idan suna wasa, ba su san komai ba, ba ta iya hana su. Ta ce in goge shi daga memorin. Na ce ta bari ko nan gaba, ta ce in goge. Na goge a gabanta.

Jitar ba ta sake komawa Bagudo ba. Kawu ya ce ba fushi yake da ni ba, amma ba ya son ta sake kwana a shagon nan. Idan na je gaishe shi nakan kunna amfilifayar a kusurwa in kaɗa masa abin da ya zaɓa. Sai da aka daɗe kafin taubashiyata ta koma tsokanata, kuma ko da ta koma ba kamar da ba. Kawu ya rasu da daminar da ta biyo baya.

Mahaifiyata ta karɓi gaisuwa a gidanmu na Bagudo, abokina ya zo cikin mutane. Ya zauna kusa da ni a tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce wa waɗanda ke wurin Allah ya sa shi ya ɗauki kiɗan marigayi kafin ya tafi, da yanzu ba abin da ya rage. Mutane suka sa masa albarka. Na kalli ƙasa, don zaman makoki ba wurin magana ba ne.

Bayan an yi arba'in ya same ni a fadama ina gyaran kwamin albasa. Ya tsaya a kan kunya yana kare takalminsa daga laka. Ya yi mini sannu da aiki, ya tambayi iyali, sannan ya ce akwai wani babban mutum da ya ji tallar nan, yana son irin sautin a waƙar da za a yi masa. Ya ce ya gwada da fiyano, ya gwada da wani mai jita daga Kamba, abin ya ƙi. Ya ce tun da tsoho ya rasu, ai kayan nawa ne yanzu, in karɓo su mu je zauren mu yi kwana ɗaya.

Na ce, "Kayan na 'yarsa ne. Je ka tambaye ta."

Ya ce, "Haba, kai ma ka san ba za ta saurare ni ba."

Na ce na sani.

Ya ce wai har yanzu ina riƙe da wannan 'yar magana, mutumin ma ya riga ya rasu, kuma abota tun ta firamare ba ta kamata ta mutu a kan talla ba. Na jira ko zai ce ya yi kuskure. Ya ci gaba da bayanin babban mutumin da irin alherin da ke ciki. Na sunkuya na buɗe wa kwami na gaba ruwa, ya gaji da tsayuwa ya hau babur ɗinsa.

Muna haɗuwa har yanzu, garin ba shi da girman da za a ɓace wa juna. A masallacin Juma'a mukan yi musabaha, in an yi masa haihuwa matata takan je barka. Na ji yana gaya wa mutane cewa ni mutum ne mai riƙo, kuma wasu sun yarda, don ban taɓa zama na ba kowa labarin ba. Idan hanya ta kai ni tasha, ta gaban masu lemo nake bi, don kada in wuce ta ƙofar shagonsa.